DAGA ƘOFAR DUMI ZUWA ƘOFAR JIRGI: YADDA CUNKOSO KE CINYE LOKACIN MAI NEMA

Duk wanda ya tashi a Ƙofar Dumi cikin birnin Bauci ya san ƙa'idar shiga mota tun yana yaro. In mutum zai yi tafiya, ko Jos ko Gombe ko Kano, sai ya yi sammako ya nufi tasha, ya tambayi 'yan kamasho motar da ke kan layi, ya biya kuɗinsa ya zauna. Ba mai tambayar ƙarfe nawa za a tashi, domin amsar guda ɗaya ce: sai ta cika. In fasinja sun yi yawa, kafin mutum ya gama shan kokonsa an ɗaure kaya an kama hanya. In kuwa ranar babu mutane, to, zai yi ta zama har hantsi ya dubi ludayi, yaran mota suna ta kiran saura mutum biyu, saura mutum ɗaya.

Watau a tashar mota yawan jama'a alheri ne. Shi ke sa a tashi da wuri, direba ya ji daɗi, fasinja ya ji daɗi.

Amma in wannan mutum ya sauka Ikko neman abinci, ya fara shiga jirgin ƙasa na cikin gari, zai tarar an juya masa ƙa'idar nan baibai. Jirgin birni ba ya jiran ya cika. Agogo yake bi, kuma a kowace tasha an ƙayyade masa 'yan sakan da zai tsaya. A nan yawan jama'a shi ke hana tashi da wuri. Wannan matsala ce da ta dami dukan manyan biranen duniya masu jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuma tun da Ikko ta shiga sahunsu, ya kamata 'yan Arewa mazauna Kurmi su san yadda abin yake, gama da yawansu abincinsu ya rataya ne a kan isa wurin aiki cikin lokaci.

JIRAGEN IKKO

Maganar jirgin cikin gari a Ikko ba sabuwa ba ce. Dattawan da suka daɗe a Agege da Idi-Araba da Obalende ba su manta da shekarar 1977 ba, lokacin da goslo ya yi tsanani har aka kafa dokar raba ranakun fita tsakanin motoci bisa lambarsu. A shekarar 1983 Gwamna Alhaji Lateef Jakande ya ƙaddamar da aikin jirgin birni wanda aka shirya zai tashi daga Marina ya bi ta Yaba har Agege, aka ba kamfanonin Faransa kwangila. Gwamnatin soja ta soke aikin a 1985. Daga nan jama'a suka ci gaba da rataye a ƙofar molue, da matsuwa cikin danfo, da hawa rufin tsohon jirgin reluwe mai tashi daga Iddo zuwa Ijoko.

Sai a 2002 aka kafa hukumar sufuri ta Jihar Legas mai suna LAMATA. A watan Maris na 2008 ta buɗe hanyar manyan bas-bas na BRT daga Mile 12 zuwa CMS, daga baya aka miƙa ta har Ikorodu. Ranar 4 ga Satumba, 2023, Shuɗin Layi, wanda mutanen gari ke kira Blue Line, ya fara ɗaukar fasinja tsakanin Marina da Mile 2, tafiyar kilomita 13 mai tasha 5: Marina, National Theatre, Iganmu, Alaba da Mile 2. Baƙo ya lura, wannan Alaba ta Suru ce, ba Alaba Rago ba. Sai kashi na biyu na aikin, wanda zai kai Okokomaiko, shi ne zai bi ta wancan ɓangaren.

Jan Layi kuwa, watau Red Line, Shugaba Bola Tinubu ya buɗe shi ranar 29 ga Fabrairu, 2024, ya fara jigilar jama'a a watan Oktoba na shekarar. Tsawonsa kilomita 27 ne, da tasha 8: Agbado, Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba da Oyingbo.

Ko ɗaya daga cikin layukan nan biyu ba ya bin ƙarƙashin ƙasa kamar na Landan ko na Alƙahira. Amma aikinsu iri ɗaya ne: tasha kusa da tasha, tsayawa kaɗan, kwasar mutane da yawa da safe da yamma. Saboda haka cutar da ke kama waɗancan ita ce za ta kama waɗannan. Sun kuma zo a daidai lokacin da jama'a suka fi bukatarsu, domin tun 1 ga Yuni, 2022 aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6 na Ikko, aka ƙara wasu 4 a watan Satumba na shekarar. Wanda a da in ya makara sai ya ɗare bayan babur, yanzu sai ya bi layi.

MAGANA TANA BAKIN ƘOFA

Mutumin Bauci ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane inda gizo ke saƙa. Sarki Yakubu, wanda ya kafa birnin a farkon ƙarni na 19, ya kewaye shi da ganuwa aka yi mata ƙofofi, irin su Ƙofar Wunti da Ƙofar Ran da Ƙofar Wambai da Ƙofar Jahun da ita kanta Ƙofar Dumi. Komai faɗin gari a ciki, komai faɗin daji a waje, mai shiga da mai fita sai sun bi ta ƙofa. In mai jaki da kayan itace ya yi karo da mai koro shanu a tsakiyarta, duk wanda ke bayansu ya tsaya ke nan, ko da kuwa a kan ingarman doki yake.

Haka jirgin birni yake. Gudunsa a kan dogo ba ya canzawa ko ya cika ko bai cika ba. Abin da ke canzawa shi ne daɗewarsa a tasha. Masu tsara jadawali sukan ba jirgi abin da bai fi rabin minti ba a ƙaramar tasha, da ɗan abin da ya fi haka a babba. Cikin wannan ɗan lokaci za a buɗe ƙofofi, masu sauka su sauka, masu hawa su hau, a rufe, a ba direba izini.

In tarago yana da sarari, mutane sukan wuce ta ƙofa kamar ruwa a magudana. In ya cika, abubuwa uku suke faruwa. Na farko, mai sauka yana can tsakiya, sai ya ratsa mutane kafin ya iso ƙofa. Na biyu, masu hawa sun tare bakin ƙofa don kada a bar su, sai su da masu sauka su yi ƙirji da ƙirji. Na uku, in an zo rufewa sai a tarar da gefen riga ko jaka ko ƙafar wani a tsakani. An kuwa ƙera jiragen zamani yadda ba za su motsa ba sai kowace ƙofa ta kulle. Ƙofa ɗaya tak in ta ƙi rufuwa, ta tsare mutum dubu.

MAKARARRE SHI KE ƘARA MAKARA

Wani zai ce, to, mene ne sakan 20 ko 30 a rayuwar mutum? Ga misali na lissafi don a ga yadda ƙaramin abu ke zama babba.

A ce jirgi yana zuwa kowane minti 5, a wata tasha kuma mutum 40 ne ke isowa kowane minti. Kowane jirgi zai tarar da mutum 200 ke nan. To, a ce wani jirgi ya makara da minti 2. Maimakon 200 zai tarar da 280. In ƙofofinsa 8 ne, kowace ƙofa ta sami ƙarin mutum 10, in kuma kowane mutum yana cin sakan 2, an ƙara masa sakan 20. Zai isa tasha ta gaba a makare fiye da dā, ya tarar da taron da ya fi na baya, ya ƙara daɗewa. Kafin ya kai ƙarshen layi minti 2 ɗin nan sun haihu.

Shi kuwa jirgin da ke biye da shi, in ya zo kan lokacinsa, minti 3 kacal ke tsakaninsu, saboda haka mutum 120 zai tarar. Zai kwashe su nan da nan ya wuce, ya yi ta matsowa har ya cim ma na gaba. Daga nan sigina za ta tsayar da shi a tsakiyar hanya, domin doka ba ta yarda jirgi biyu su kusanci juna fiye da ƙima ba. Sakamakon shi ne jirgi ɗaya cike maƙil, na bayansa rabi, sa'an nan dogon jira.

Duk mai bin layin BRT a Mile 12 ko Ikorodu ya ga irin wannan da idonsa: a yi ta tsayuwa babu mota, can sai ga uku sun jero kamar an koro su. Mutane sukan ce direbobi ne suka tsaya hira. Sau da yawa ba haka ba ne, lissafin nan ne yake aikinsa.

Akwai kuma wata asarar da ta fi wannan. A layin da jirage ke bin juna kurkusa, daɗewa a tasha ita ke yanke yawan jiragen da za su wuce cikin awa ɗaya. A ce ana bukatar sakan 80 tsakanin tashin jirgi da shigowar na bayansa, tsayuwa kuma sakan 40 ce. Jimla minti 2, watau jirgi 30 a awa. In cunkoso ya mai da tsayuwar sakan 70, jimla ta koma minti 2 da rabi, jirgi 24 ke nan a awa. An rasa jirgi 6. In kowane yana ɗaukar mutum 1,000, mutum 6,000 sun rage a kan dandamali. Abin mamaki, a daidai lokacin da aka fi bukatar layin, a lokacin ne yake rage ɗauka.

ABIN DA MAI NEMA KE ASARA

Mai karatu ya ɗauki misalin mutumin Ƙofar Dumi da ke kwana a Agege, yana gadi a wani kamfani a Yaba, zai karɓi abokin aikinsa da ƙarfe 7 na safe. A ce kwana huɗu a mako tafiyar tana cin minti 40, rana ɗaya kuma takan ci minti 90, bai kuwa san wace rana ce ba. Mai gidansa ba ya jin uzuri, makara biyu ko uku sai a yanke albashi ko a nemi wani. To, dole kullum ya fito kamar yau ce mummunar ranar. Minti 50 sau huɗu, minti 200 ke nan a mako, fiye da awa 3, waɗanda zai ɓatar a bakin get yana jiran lokaci ya yi. Wannan lokaci daga barcinsa aka cire shi, da zamansa bayan sallar asuba, da ganin 'ya'yansa kafin su tafi makaranta.

Saboda haka abin da talaka ya fi bukata ga abin hawa shi ne tabbas. Jirgin da kullum yake kai mutum cikin minti 50 ya fi masa wanda yau zai kai shi cikin 35 gobe cikin 90. Ɗan kasuwar da zai tari motar kayan gwari da asuba, da lebura mai jiran a ɗauke shi aikin yini, da ɗan canji, da mai kai yaro asibiti, duk a kan wannan tabbas suke gina ranarsu.

Cunkoso kuma ba ya raba wahalarsa daidai. Saurayi mai ƙarfi zai kutsa ya shiga. Tsoho da mace mai goyo da gurgu su ne jirgi zai bari, ya sake barinsu. Matan da ba su yarda da cuɗanya da maza ba sukan haƙura da jirgin ɗungum, su biya kuɗi mai yawa a wata hanyar. A cikin turereniyar nan ne kuma 'yan sane suke cin kasuwarsu.

YADDA WASU BIRANE SUKA YI

Birnin Tokiyo na Japan ya yi suna wajen kiyaye lokaci, ya kuma yi suna wajen cunkoso. A can ne aka san ma'aikatan tasha masu farar safar hannu da ke tura mutane cikin tarago don ƙofa ta rufu. Kafin annobar korona ta 2020, layin Tozai yakan ɗauki kusan ninki biyu na abin da aka ƙayyade masa da safe. Da ma'aikatar sufuri ta ƙasar ta bi diddigin ƙananan jinkiri, waɗanda ba su kai minti 10 ba, sai ta ga kusan rabinsu daga daɗewar hawa da sauka suke, wani kaso kuma daga sake buɗe ƙofa. Maganin da suka yi shi ne, suka sayo taragu masu faffaɗan ƙofa, suka zana layi a ƙasa inda kowa zai tsaya, suka kuma roƙi kamfanoni su sassaɓa lokacin fara aiki don kada kowa ya fito a sa'a ɗaya. In jirgi ya makara, tasha takan ba fasinja takardar shaida ya kai wa mai gidansa.

Landan ita ce ta fara jirgin ƙarƙashin ƙasa a duniya, a shekarar 1863. Tun 2017 layinta na Victoria yake tura jirgi 36 a awa lokacin fita aiki da tashi, watau jirgi ɗaya kowane sakan 100. In mutum ya san wani jirgi na tafe kafin ya gama gyara hularsa, ba zai sa ƙafa ya tare ƙofa ba. In kuma dandamali ya cika, ma'aikata sukan rufe ƙofar tasha ta waje na ɗan lokaci, jama'a su jira a titi. Mai jira yana ganin an cuce shi, alhali da an bar kowa ya shiga da layin duka ya tsaya.

Alƙahira ita ce ta fara a Afirka, a 1987. A can an keɓe wa mata taragu a tsakiyar kowane jirgi, abin da ya sa mata da yawa suke shiga hankali kwance.

KADA A ƊORA WA FASINJA DUKA

Sai dai akwai wani darasi daga birnin New York na Amurka wanda ya kamata kowa ya riƙe. Jirginsu na ƙarƙashin ƙasa ya fara aiki a 1904, yana da tasha 472, yana kuma aiki dare da rana. A shekarar 2017 abin ya lalace ƙwarai, har Gwamna Andrew Cuomo ya kafa dokar ta-ɓaci a kan harkar a watan Yuni. Hukumar jirgin ta ce fiye da kashi ɗaya cikin uku na jinkirin daga cunkoso ne, gama masu hawa sun doshi miliyan 6 a rana. Jama'a da yawa suka yarda.

Amma da 'yan jarida suka tona, sai aka ga wani abu dabam. Yawan fasinja ya fara raguwa, jinkiri kuwa sai ƙaruwa yake. Aka gano cewa duk jinkirin da ba a san dalilinsa ba, a kan rubuta shi a gidan cunkoso. Aka kuma gano cewa bayan wani karo da jirage biyu suka yi a kan gadar Williamsburg a 1995, an daddasa na'urorin rage gudu, waɗansunsu kuma sun lalace suna tsayar da jirgin da bai yi laifi ba, har direbobi suka koma tafiyar hawainiya don tsoron horo. Ga kuma tsofaffin sigina da aka yi sakaci da gyaransu. A watan Janairu na 2018 kashi 58 cikin 100 ne kawai na jiragen ranar aiki suke isa kan lokaci. A wannan watan aka kawo sabon shugaba, Andy Byford, ya sa aka bi na'urorin nan ana gyarawa. A 2019 lissafin ya haura kashi 80, ba tare da an kori fasinja ko ɗaya ba.

Watau cunkoso yana haifar da jinkiri, jinkiri kuma yana haifar da cunkoso. Wanda ya ga dandamali cike ba zai iya sanin wanne ya riga wani ba. In hukuma ta ce laifin jama'a ne, jama'a suna da ikon tambaya: jirgi nawa aka saya, nawa ke aiki, yaushe aka gyara sigina?

DARASIN MINA DA ARFA

Alhazai ba sa bukatar zuwa Turai kafin su ga misali. Jirgin da ke jigilar mahajjata tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa ya fara aiki a Hajjin 2010. Tsawonsa kilomita 18 ne, da tasha 9, uku a kowane wuri. An tsara shi ya kwashi mutum 72,000 a awa, kowane jirgi mai tarago 12 yana ɗaukar mutum 3,000. Kamfanin ƙasar Sin da ya gina shi, shi ne uwar kamfanin CCECC da ya gina Shuɗin Layi na Ikko.

Babu inda ya kai wannan wuri taro, amma dabarar da aka yi a bakin ƙofa take. Kowane jirgi yana da ƙofa 60 a kowane gefe. Masu hawa da masu sauka ba sa haɗuwa. Ba a kuma barin jama'a su kwararo kan dandamali yadda suka ga dama. Ana tara su rukuni rukuni a wurin jira, a saki daidai cikin jirgi ɗaya, kowace tawaga da lokacin da aka ba ta. Duk da haka, tawagar da ta saɓa lokacinta takan jawo wa kanta da wasu doguwar tsayuwa cikin rana.

ABIN DA YA RAGE WA HUKUMA

Babban kaso na magani yana hannun hukuma. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai, kuma ba yadda za a yi jirage kaɗan su ɗauki birni kamar Ikko. Shuɗin Layi ya fara da sawu 12 a rana, aka kai shi 54 a watan Oktoba na 2023 bayan an sa masa wutar lantarki, aka ƙara zuwa 72 a 2024. Kowane ƙari yana rage taron da jirgi zai tarar, yana kuma rage zafin turereniya, gama mutum ya san in wannan ya wuce wani na zuwa.

Jan Layi yana da tasa matsalar, domin dogo ɗaya yake bi da jirgin Ikko zuwa Badun na hukumar reluwe ta tarayya, wanda aka buɗe a 2021. Inda gida biyu suke cin hanya ɗaya, makarar ɗaya tana iya shafar ɗayan, sai an yi tsari mai kyau. An giggina gadojin sama a Oyingbo da Yaba da Mushin da Ikeja don raba mota da jirgi, wannan kuwa taimako ne babba.

Bayan ƙarin taragu, akwai ƙananan abubuwa marasa tsada: ma'aikata a bakin ƙofa lokacin cunkoso, zane a ƙasa, wadatattun wuraren sa kuɗi a katin Cowry don kada layi ya taru a mashiga, da faɗa wa jama'a gaskiya in jirgi zai makara. Da za a riƙa yin sanarwa da Hausa a tasoshi irin su Agege, inda Hausawa suka yi fiye da shekara ɗari, da an rage ruɗewar baƙi. Da kuma za a riƙa buga lissafin jiragen da suka isa kan lokaci kowane wata, da kowa ya san inda aka kwana.

Wannan darasi har Arewa zai yi amfani. Abuja ta buɗe nata jirgin a 2018, ya tsaya a 2020, aka sake tayar da shi a watan Mayu na 2024. A Kano ma an daɗe ana maganar yin irinsa. Bauci kuwa ta ga jirgi tun 1961, lokacin da dogon da aka ja daga Kuru ya iso ta kan hanyarsa ta zuwa Maiduguri, kafin harkar reluwe ta lalace mota ta karɓe hanya. Duk garin da zai gina sabo, gara ya fara lissafin ƙofa da dandamali tun a takarda, don ba a fafe gora ranar tafiya.

ABIN DA YA RAGE WA FASINJA

Fasinja ma yana da nasa kaso, ko da yake ƙarami ne. Ya bari masu sauka su sauka tukuna, ya tsaya a gefen ƙofa. In ya shiga ya matsa ciki, kada ya kafe a bakin ƙofa don zai sauka nan gaba. Ya duba tsawon dandamali, gama yawanci taragun da ke kusa da matakala su ne suke cika, na ƙarshe kuwa da sarari. Ya sa kuɗi a katinsa tun da yamma. Mai babban kaya ya nemi lokacin da jama'a suka ragu, domin buhu ɗaya a bakin ƙofa yana cin wurin mutum biyu. Kada ya riƙe ƙofa don ɗan'uwansa da ke tafe a guje. A tashar mota wannan zumunci ne, a jirgi kuwa tsare mutum dubu ne saboda mutum ɗaya. Kada kuma ko da wasa ya taka dogon Shuɗin Layi, domin wutar da ke tafiyar da jirgin a jikin ƙarfen da ke ƙasa take.

Shugabannin Hausawa na unguwanni da limamai da shugabannin kasuwa za su iya taimakawa wajen faɗakar da sababbin zuwa, tun kafin su koya da wahala. Yaron da ya sauka jiya daga motar Bauci, abin da ya sani shi ne in ba ka kutsa ba an bar ka. Yana bukatar wanda zai gaya masa cewa a bakin ƙofar jirgi sauri shi ke haifar da nawa.

Allah ya ba masu nema sa'a, ya kai kowa wurin aikinsa lafiya, ya kuma mai da shi gida lafiya.